Kwalliya da Kuɗin Sabulu: Tarihin Adon Mai Ƙaramin Ƙarfi a Ƙasar Kunci

A gidajenmu na ƙasar Kunci, idan aka shiga ɗakin tsohuwa aka leƙa ƙarƙashin gado, da wuya a rasa abubuwa uku: tandun kwalli da ya yi baƙi saboda shan hannu, tsohon kwanon da fentinsa ya fara ɓarewa, da ƙullin garin lalle a tsumma. Jikoki kan yi dariya idan sun gani. Amma wannan tarkace shi ne ragowar wani tsari da kakanninmu mata suka rayu a kansa, wanda ya ba matar talaka damar fita tsaf ranar biki ba tare da ta ci bashin kowa ba. Yanzu da tsadar rayuwa ta sa kowace mace tana tunanin yadda za ta gyara jikinta da ɗakinta da ɗan abin da ke hannunta, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda aka yi a da, da kuma inda lissafin ya karkace.

Tsarin nasu ba mai wuyar ganewa ba ne. Sun raba kayan ado gida biyu. Akwai abin da ruwa zai wanke gobe, shi ba a zuba masa kuɗi. Akwai kuma abin da zai zauna ya yi shekaru, shi ne ake tara masa kuɗi, don ran da rana ta ɓaci a iya sayar da shi.

Abin da ruwa ke wankewa

Yankinmu, daga Kunci da Shuwaki zuwa Tsanyawa da Bichi da Kazaure, ƙasar noma ce mai yawan jama'a, inda gona ke jingine da gona. A irin wannan wuri ba a barin tsiro ya zauna a banza. Lalle shuka ce ta gona da shinge: a tsinko ganye, a shanya, a daka, a tankaɗe. Da dare mace ta kwaɓa, ta ƙunsa ƙafa da ganye da tsumma, ta zura hannu a zunguru, gari na wayewa ta fito da ja. Man gyaɗa ko man shanu na kitso daga cikin gida yake fitowa. Asuwaki reshen itace ne. Katambirin da 'yan mata ke zana fuska da shi ɗan itace ne. Kajiji da jema, saiwoyi masu ƙanshi, ba su fi ƙarfin kowa ba. Sabulun salo, na toka da mai, da man kaɗanyar da fatake ke kawowa daga kudu, da ƙwayar kwalli, su ne ake saye a kasuwa, su ma kaɗan-kaɗan.

Baƙin da suka zo ƙasar Kano sun ga wannan da idonsu. Hugh Clapperton, Baturen da ya iso Kano a 1824, ya rubuta yadda mata ke shafa shuni a gashi, da yadda maza da mata ke rina haƙora da leɓe da furen taba. Wanda ya taso ya iske kakarsa tana cin goro da fure ya san abin da Baturen ya gani.

Abin lura a nan shi ne, ainihin jarin wannan kwalliya lokaci ne da hannun 'yar'uwa. Maƙwabciya ta yi miki kitso, ke ki yi mata ƙunshi. Doka kuwa, idan aka yi ta da kyau, takan daɗe a kai ba a tsefe ba. Zaman kitson nan a gindin bishiyar tsakar gida shi ne makarantar mata: nan ake jin maganin kaushi, da yadda ake zama da kishiya da uwar miji, da wadda za ta ɗauki adashi a wannan makon.

Abin da ke zama dukiya

Tufafi kuwa ba su taɓa yin arha ba. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano ana fitar da su zuwa wurare irin su Tambutu da Gat da Tarabulus sun kai aƙalla na wuri miliyan 300 a shekara. Wannan ciniki a kan mazarin matan karkara ya tsaya. Su ke gurzar auduga, su shiɓe, su kaɗa zare da abawa, su sayar wa masaƙa. Amma turkuɗi mai ƙyalli irin na Kura ba na kowa ba ne. Matar talaka takan mallaki zane ɗaya na fita, ta adana shi a lefe ko adudu, ba ya ganin rana sai da dalili.

Kuɗin kaɗi da na sauran sana'o'in cikin gida, wato ƙuli-ƙuli da daddawa da fura da ƙosai, ba a kan abin shafawa suke ƙarewa ba. Akuya ake saye, ko munduwa da warwaron azurfa, ko murjani, ko tasa. Jeren ɗaki na farko ƙore ne da faya-fayai da tasoshi. Kayan nan mallakar mace ne ita kaɗai. Ko aure ya mutu da su take fita, idan 'yarta ta isa aure kuma daga ciki take ɗibar mata.

Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954, ta yi dogon bayani a kan ƙawance da gudummawar biki, inda abin da kika kai wa ƙawarki yau zai dawo miki da ƙari ranar naki bikin. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina da kuma Ɗorayi a gefen Kano, ta nuna cewa matan kulle suna da kasuwarsu ta ɓoye daga gida zuwa gida, yara ne 'yan aikenta. Da adashi da gudummawa da aron kaya tsakanin ƙawaye, mace ba ta fuskantar hidimar biki ita kaɗai.

Jirgin ƙasa, gyaɗa da kwano

Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe gadan-gadan daga 1912. Jirgin da ya tafi da gyaɗar manomanmu shi ya dawo da akoko da atamfa da madubi da turaren kwalba da kwanon fenti. Sannu a hankali kwano ya ture ƙwarya daga bango. Langa da samira da fanteka suka hau jere, gadon ƙarfe mai rumfa ya maye gurbin gadon kara.

Duk da haka tsohuwar ƙa'ida ba ta rushe ba. Kwanon jere ba na cin abinci ba ne, banki ne. Mace kan sayi ɗaya-ɗaya idan ta ɗauki adashi, idan kuma ciwo ya shigo gida ko damina ta yi gardama, ta miƙa wa dillaliya saiti guda ta karɓo kuɗi. A lokacin da farashi ke hawa, kwano ya fi kuɗin da aka ƙulle a bakin zane riƙe daraja. Matan da ba su taɓa taka ƙofar banki ba sun gane wannan tun kafin masana su rubuta shi.

Bayan haka masaƙun zamani suka zo. An buɗe Kaduna Textiles a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, Kano ma ta samu nata a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Atamfar gida ta sauko inda hannun talaka zai kai, Kantin Kwari ya zama matattarar masu haɗa lefe daga ko'ina. Amma arhar yadin kanti ita ta kashe kaɗi. Mazari ya koma wasan yara, matan karkara suka rasa babbar sana'ar da suka gada, suka zama masu sayen abin da a da su ke samar da zarensa.

Inda lissafi ya juye

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya faɗaɗa idon mutane. Lefe ya tashi daga kwando ya koma akwati, akwati ɗaya ya zama saiti. Kabet da tangaran da gadon katako da kujeru suka shigo. Anko, wanda muka aro daga Kudu, ya zama kamar wajibi. Sai ga tsarin SAP a 1986, darajar Naira ta faɗi, buri kuwa bai sauko tare da ita ba. Jama'a suka koma gwanjo, Ƙofar Wambai ta rufa wa dubban gidaje asiri. Masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, UNTL ta tsayar da aiki a Kaduna a 2007, atamfar China ta cika Kwari. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ƙara matse abin da ya rage.

Idan muka auna ɗakin amaryar yau da ma'aunin kakarta, za mu ga an yi musanya mai tsada. Gado da kujeru da kabet na katakon da aka matse daga dusa suna cinye kuɗin gona ko na saniya, amma damina biyu ko uku ta ishe su kumbura. Ranar da aka fitar da su sayarwa, ko rabin kuɗinsu ba sa dawowa. Kayan ɗaki sun tashi daga ajiya sun koma bashi. Nauyin ya kai har gwamnati ta shigo ciki: auren zawarawa da aka fara a Kano a 2012 ƙarƙashin Hukumar Hisbah, da auren gatan da aka ɗaura wa ma'aurata 1,800 a 2023, duk sun haɗa da ba amare gado da katifa, domin rashinsu na hana aure.

A ɓangaren jiki ma haka abin yake. Abin da ruwa ke wankewa, wanda a da kusan kyauta ne, shi ne yanzu ke cin kuɗi kowane wata. Mafi muni shi ne man bilicin. Arharsa ce tarkonsa: ana farawa da ƙaramar kwalba ko haɗin da aka ɗura a roba ba suna ba lamba, fata ta saba, in an daina ta yi baƙi fiye da da, sai a koma. Da yawa daga irin waɗannan mayuka na ɗauke da sinadarin makuri mai lahanta ƙoda, ko magunguna masu ƙarfi da ke sirantar da fata har ta riƙa tsagewa, ciwo ya ƙi warkewa. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Baƙin lallen dayis shi ma, wanda asalinsa rinin gashi ne, yakan ƙona fatar wasu ya bar tabo. A nan kam kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, har ta jawo kuɗin asibiti.

Ba duk na da ne zinariya ba

Kada mu yaudari kanmu, tsarin kakanninmu ma yana da nasa farashi, kuma sau da yawa 'ya mace ce ta biya. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a kan yaran birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa ribar tallar 'yan mata kayan ɗakinsu ake tarawa da ita. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai ɗaya a 1976, uwaye da yawa sun ga makaranta a matsayin abin da zai raba su da 'yar talla. Har yau a ƙauyukanmu akwai yarinyar da farantin talla ya hana zama a aji, don a tara kuɗin gadon da ba zai shekara biyar ba.

Kwalli ma, duk da daɗewarsa a idonmu, ba kowane iri ne ke da aminci ba. Wanda ake niƙawa daga dutse mai ƙyalli sau da yawa dalma ce. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, aka gano cewa kwallin da ake sa masa fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ne. Dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Wannan gado ne da ya kamata mu kiyaye idon jarirai daga gare shi.

Abin da ya rage a hannunmu

Ba za mu koma zamanin zunguru da mazari ba, ba kuma wanda ya ce a koma. 'Yar Kunci ta yau tana ganin kwalliyar Dubai da Indiya a wayarta, tana kuma da haƙƙin son kyau kamar kowa. Abin da tarihin nan ya bar mana tambaya ce guda, wadda kakarta kan yi kafin ta kwance bakin zane: wannan abin, ruwa zai wanke shi, ko zai zauna? Idan na wankewa ne, lalle da man kaɗanya da sabulun salo da hannun maƙwabciya suna nan, kuma har yanzu sun fi kayan kanti sauƙi. Idan na zama ne, to ya zama abin da za a iya sayarwa ran da ake neman kuɗin magani: tunkiya, keken ɗinki, injin markaɗe, ɗan kunnen zinariya, ko karatun yarinyar da ba wanda zai ƙwace mata.

In mun sake shiga ɗakin tsohuwa muka ga kwanon nan mai ɓararren fenti, kafin mu yi dariya mu tambaye ta nawa ta saye shi, da sau nawa 'yan'uwansa suka fitar da gidan daga kunya. Daga nan mu koma namu ɗakin mu duba, a cikin duk abin da muka jera, wanne ne zai yi mana irin wannan rana.