Kundin Matafiyi: Takarda Ko Na'ura?

Allah Ya sa yanzu da yawa daga cikinmu matafiya ne. Wani aikin gwamnati ke kai shi rangadi, wani kasuwanci, wani ƙarin ilmi, wani kuma aikin Hajji. To duk wanda ya yi niyyar rubuta abin da ya gani a hanya, sai ya tsaya ya zaɓa: ya riƙe ɗan littafi da biro ne, ko kuwa ya dogara ga wayar da ke aljihunsa? Da yake tarihi na karanta a jami'a, sai na ga ya kamata mu duba yadda ta kaya da matafiyan da suka riga mu, musamman waɗanda suka ratso ƙasarmu.

Mu fara da Ibn Batuta, mutumin Tanja, wanda ya bar gida a 1325 ya yi kusan shekara 30 yana yawon duniya, har ya zo Mali a 1352, ya bi ta Takadda a ƙasar Nijar ta yanzu. Littafin nan nasa da ya shahara ba a kan hanya aka rubuta shi ba. Bayan ya koma Fas ne Sarki Abu Inan ya sa wani marubuci, Ibn Juzayy, ya zauna yana ɗaukar abin da yake faɗa, suka gama a 1355. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ya kwafi rubuce-rubucen da ke kan kaburburan malaman Bukhara, amma 'yan fashin teku suka raba shi da su a gaɓar Indiya. Wato mafi yawan littafin daga ka ya fito, shi ya sa har yau masana ke gardama a kan wasu wuraren, ko ya je da ƙafarsa ko labari ya ji.

Sai Mungo Park, wanda muka sha haddace sunansa saboda jarrabawa. A watan Nuwamba na 1805, kafin ya shiga jirginsa a Sansanding, ya damƙa wa jagoransa Isaaco kundin tafiyarsa ya koma da shi bakin teku. Wannan kashin ya tsira, aka buga shi a 1815. Amma duk abin da ya rubuta daga nan har zuwa Busa, inda ya halaka a 1806, ya bi ruwan Kwara. Da Richard Lander da ƙanensa suka je Busa a 1830 suna cigiyar takardunsa, littafin lissafin matuƙan jirgi aka fito musu da shi. Tsohuwar Busan ma yau tana ƙarƙashin tafkin Kainji. Shi kuwa Kilafatan, wanda ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har sau biyu, ya rasu kusa da Sakkwato a 1827, da ba don wannan Lander ɗin, baransa, ya ɗauki takardunsa ya kai Ingila ba, da ba a buga su a 1829 ba.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya kira kansa Abdulkarim. Wuya ce ta koya masa hankali. A 1846, yana yawo a bakin Bahar Rum, 'yan fashi suka tare shi wajen iyakar Masar, suka harbe shi a cinya, suka tafi da yawancin rubuce-rubucensa. Saboda haka da ya taso daga Tarabulus a 1850 tare da Richardson da Overweg, sai ya ɗauki wata ɗabi'a. Yakan rubuta abu nan take a ƙananan littattafai, ya auna hanya da agogo da kamfas, ya tambayi sunan kowane gari da rijiya. In ya sami wurin zama sai ya gyara rubutun, ya kuma riƙa aika wasiƙu da rahotanni Turai ta hannun ayarin da ke ƙetare Sahara. Kun ga ke nan labarinsa bai taɓa zama a jaka ɗaya ba.

Ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, ya bayyana rini da saƙa da cinikin goro da na bayi. A 1853 ya isa Gwandu, aka ba shi aron Tarikhus Sudan, ya duƙufa kwana da kwanaki yana kwafar abin da ya iya, ko da yake ya ɗauka Ahmad Baba ne mawallafin, alhali kuwa Abdurrahman Sa'adi ne. Abokan tafiyarsa duka biyu a Barno suka mutu, Richardson a 1851, Overweg a 1852. Kundin Richardson a tsare yake, don haka aka buga shi a 1853. Na Overweg kuwa guntaye ne barkatai da bai zauna ya gyara ba, ba a sami littafi daga cikinsu ba. Barth ya koma gida a 1855, ya fitar da mujalladi 5 tsakanin 1857 da 1858.

Kada a ce duk Turawa da Larabawa na lissafa. Dorugu, yaron nan Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Barth har Ingila, ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa, Schön ya rubuta, ya fito cikin Magana Hausa a 1885. Marigayi Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya ba mu Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ma ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Allah Ya jiƙansu. Abin da ke damuna shi ne dubban alhazan da suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu shekara da shekaru a hanya, suka dawo suka ba da labari a zaure, labarin ya bi su kabari.

To, ina na'ura a cikin wannan zance? Wanda ya ji asarar Park da ta Ibn Batuta zai ce ai waya ta raba gardama, tunda abin da ka rubuta a Madina yana iya isa Gusau kafin ka ajiye ta. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Littafin Barth ɗin nan ma yau kyauta ake karanta shi a intanet, a nemo sunan gari cikin ƙiftawar ido. Takarda kuwa abincin gara ce, ga ruwa ga wuta. A watan Janairu na 2013 'yan bindiga sun ƙona littattafai a cibiyar Ahmad Baba da ke Tambutu, sauran masu yawa kuwa sai a ɓoye aka kwashe su zuwa Bamako.

Amma na'ura ma tana da tata garar. A 1086 Sarkin Ingila Wiliyam ya sa aka ƙidaya filaye da dukiyar ƙasarsa, aka rubuta a kan fata, littafin da ake kira Domesday. A 1986, don cikarsa shekara 900, BBC ta shirya sabo na zamani, yara 'yan makaranta suka tattaro bayanan garuruwansu, aka zuba a faifan LaserDisc guda 2. Kafin 2002 na'urar da ke karanta faifan ta kusa ƙarewa a duniya, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka yi aikin ceto shi. Na fatar kuwa yana nan a gidan adana tarihi na Kew, ana karantawa. A 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora tun daga 2003 har 2015 sun salwanta wajen sauya ma'ajiya. Ni ma a ma'aikatarmu na tarar da kwali cike da ƙananan faifan kwamfuta na da, an rubuta "rahoton rangadi" a jikinsu, babu kwamfuta ko ɗaya a ginin da ke da bakin karɓarsu. Rahotannin rangadin Di'o-Di'o na zamanin Turawa kuwa suna gidan adana tarihi na Kaduna, duk mai bincike yana iya neman fayil ya karanta. Ga kuma lambar sirri: mutum ya rasu, iyalinsa na riƙe da wayarsa, ba mai iya buɗewa.

A nawa ganin, hanyar Abdulkarim ce ta fi, kuma ita nake bi. Ina rubutawa da biro a littafi mai kauri, a ranar da abin ya faru, da kwanan wata da sunan gari da kuɗin mota, domin hannu ba ya sauri, yakan tilasta wa mutum ya zaɓi abin da ya cancanta, kuma ba ruwansa da caji ko rashin sabis a ƙauye. Da dare sai in ɗauki hoton shafukan da waya in tura wa ƙanena, wato ayarina ke nan mai ƙetare Sahara. Hotuna da muryoyin mutanen da na zanta da su na bar wa waya, amma a ƙarshen shekara nakan wanke hotuna goma ko ashirin in liƙa a littafin, in rubuta sunan kowa a ƙasa. Littattafan suna cikin akwatin ƙarfe, a kan bulo, nesa da bango.