Takardar Itace da Matsalar Dawwama: Nazari a kan Makomar Rubutun Ƙarni na Ashirin

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda itace ya maye gurbin tsumma wajen yin takarda, da abin da sauyin ya jawo. Hujjarta ita ce arahar takardar itace ta yaɗa karatu, amma ta gajarta ran abin da aka buga a kanta.

Daga tsumma zuwa gungume

Littattafan tarihin Sin sun danganta kyautata yin takarda ga Cai Lun a shekarar 105, inda ya haɗa ɓawon itace da tsumma da tsohuwar ragar kamun kifi. Sana'ar ta isa Samarƙand da Bagadaza a ƙarni na 8, daga nan ta shiga Turai ta Andalus. A duk tsawon wannan zamani tsumman lilin da makamantansa ne jigo a ƙasashen Musulmi da Turai, har ya yi wuyar samu bayan bunƙasar ɗab'i. A 1719 masanin Faransa Réaumur ya lura da yadda rina ke tauna itace ta gina sheƙa mai kama da takarda, sai dai ba a ci moriyar wannan lura ba sai wajen 1844, lokacin da Friedrich Keller na Jamus ya ƙera injin niƙa gungume.

Inda cutar take

Itace na ɗauke da zare mai suna selulos, da wani danƙo, liginin, wanda ke riƙe zaren. Injin Keller yana niƙa su ne gaba ɗaya, don haka liginin ke bin takardar. Da ya haɗu da haske da iska sai ya sa ta yi ja. Ga kuma alif da ƙaro da masana'antu suka riƙa zubawa don kada tawada ta nashe. Alif yana haifar da asid, asid kuwa yana tsinka zaren sannu a hankali. Hanyar dafa itace da Carl Dahl ya ƙirƙiro wajen 1879 tana fitar da mafi yawan liginin, amma takardar jarida ta ci gaba da dogara ga niƙa saboda araha.

Ana ganin bambancin a ƙasar Hausa. Malaman ƙarni na 19 sun yi rubutu da yawa a kan takardar Italiya mai alamar jinjirin wata uku, wadda fatake ke kawowa ta Tarabulus, kuma akasarinta ta tsumma ce. Idan aka zaro ganye ɗaya daga gafaka aka ɗaga wa rana, za a ga watannin a jere cikin jikin takardar, tana lanƙwasuwa ba tare da ta karye ba. A ɗauko kuma tsohuwar jarida irin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939: gefenta ya yi ja, wurin ninki ya rabu, kusurwa na marmashewa a yatsa. Ƙaramar ta riga babbar tsufa.

Abin da ya kamata

Masu adana kayan tarihi sun fi karkata ga rubuce-rubucen Ajami da Larabci, kuma sun cancanci hakan, domin gara da damshi ba su ƙyale su ba. Amma a ra'ayin wannan nazari, jaridu da ƙasidun yaƙi da jahilci da littattafan kasuwar Kano sun fi buƙatar gaggawa, tunda maƙiyinsu yana cikin jikinsu, ko da an kulle su a akwatin ƙarfe. Ya dace wurare irin Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna su sa ɗaukar hotonsu da kwamfuta a sahun gaba, a ajiye na asali cikin kwali marar asid, nesa da rana da zafi. Masu ɗab'i kuma suna da ma'aunin ISO 9706, da aka fara fitarwa a 1994, wanda ya fayyace sharuɗɗan takarda mai daɗewa, kuma shi ya kamata a bi wajen buga ƙamus da kundayen bincike.