Daga Ƙofar Fada Zuwa Akwatin Rediyo: Bahasi a Kan Riwayar Waƙoƙin Makaɗan Kotso

Duk sa'ad da masana suka zauna muhawara a kan sauya wa adabi mazauni, galibi hankalinsu kan tafi ga littafin da aka mayar fim, kamar Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, Adamu Halilu kuma ya shirya fim ɗinsa a 1976. Amma a nawa fahimtar, sauyin da ya fi wannan zurfi, ya kuma fi shafar mutanen ƙasar Zamfara, shi ne wanda ya sami waƙar fada tun ranar da aka ɗauke ta daga bakin makaɗi aka zuba a faifai, ta bi ta rediyo da kaset, har ta iso wayar hannu.

Ba kuwa ƙasar da ta fi cancantar wannan bahasi irin tamu, domin a ƙasar Bakura aka haifi Musa Ɗanƙwairo, wanda ya gaji kotso wurin mahaifinsa Usman Ɗankwanda, makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun, ya kuma rasu a 1991; Sa'idu Faru kuwa ya lazimci Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, shekaru da yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996.

A asalinta, waƙar fada ba matani ba ce da aka rufe ƙofarsa. Gindi ne kaɗai tabbatacce, shi 'yan amshi ke komawa gare shi. Ɗiyan waƙa kuwa jagora ke ƙara su yana rage su gwargwadon wanda ya gani a zaure, ta yadda in wanda ya ba da doki ko riga yana zaune sai sunansa ya shiga, in kuma manzon ɗan sarkin da ke hanƙoron sarauta ya halarta sai habaici ya tashi, fadawa na sunkuyar da kai suna murmushi saboda sun san inda kibiyar ta dosa. Da gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da takwarorinsa suka shiga ɗaukar makaɗa, sai rerawar yini guda, wadda sau da yawa ma akan datse ta don ta dace da lokacin shiri, ta zama tamkar nassi, har yau idan wani ya rera ɗan waƙar da ba ya cikin kaset sai a ce ya yi kuskure, alhali mai yiwuwa daga bakin mai waƙar ya ji shi.

Ba na musun falalar wannan naƙali, kuma butulci ne a musa ta. Ta dalilinsa matar da ke cikin kulle da manomin da ke ban ruwa a Bakolori suka ji abin da a dā sai mai shiga fada, Zamfarci kuma ya kutsa kunnen Bakano da Bazazzagi, har da 'yan zangon Kumasi. Sai dai abin da na'ura ta kiyaye sauti ne, sababin magana kuwa ta bar shi a ƙofar fada.

Na shaida haka wata ranar Talata a teburin mai shayi, gefen kasuwar Mafara. Wani saurayi ya jingine wayarsa da gwangwanin madara, muryar Ɗanƙwairo na tashi, yana bin ta kalma da kalma ba gargada. Da aka zo kan wani zambo sai wani dattijo mai sayar da igiya ya ajiye kofinsa, ya ce, "Yaro, ka san wa aka yi ma wannan?" Saurayin ya ce, "Wallahi Baba, ni dai daɗinta nike ji." Dattijon ya buɗe baki kamar zai yi bayani, sai aka kira shi ciniki, ya tashi da iliminsa.

Malamanmu na hadisi ba su karɓar matani sai da isnadi, ba su kuma barin mushkilin lafazi ba sharhi, kuma wannan ladabin nake roƙon a ara wa waƙar baka. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya share fage da tarihin makaɗa da hanyoyin nazarin waƙoƙinsu; abin da ya rage wajibi ne a kan ɗalibanmu, musamman na Kwalejin Abdu Gusau da ke nan Mafara, su nemi sauran 'yan amshi da tsofaffin fadawa a Maradun da Faru da Bakura, duk da wahalar da rashin tsaro ya jawo wa hanyoyin ƙauyuka, su kunna musu kowace waƙa, su rubuta shekarar da aka yi ta, da fadar da aka fara rera ta, da ɗiyan da kaset ya zubar.