Buroshin kwamfuta

Buroshin kwamfuta kayan aiki ne da ke cikin manhajojin gyaran hoto, irin su Adobe Photoshop da ta fito a 1990, da GIMP da ake samu kyauta. Da shi ake shafa launi, a goge tabo, a sa fata ta yi sumul. Mai aiki yakan daidaita faɗinsa, kaifin bakinsa da kaurin launinsa.

A Sakkwato da garuruwan gabashinta kamar Wurno, Rabah da Goronyo, ana amfani da shi wajen gyara hotunan biki, kalanda da fastocin siyasa. Idan gyara ya wuce kima, kamannin mutum kan sauya, shi ya sa ba a karɓar irinsa a hoton fasfo.