Daga Banda Zuwa Firiza: Tarihin Sana'ar Sanyi a N'Djamena da Lissafin Bashinta

A bikin cikar shekarun ƙungiyarmu na bana, maganar da ta fi yawo a bakin iyaye ita ce ta yaranmu da ke son shiga makarantar koyon gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki. Wasu na cewa a ciyo bashi a biya musu, wasu na cewa zama a shagon maigida ya wadatar. Kafin kowa ya yanke hukunci, yana da kyau mu waiwayi yadda sana'ar ta samo asali a garin nan.

Lokacin da Faransawa suka kafa Fort-Lamy a 1900, bayan yaƙin Kuseri da Rabe ya mutu a cikinsa, babu mai maganar ƙanƙara. Kakanninmu, waɗanda da yawansu hanyar aikin Hajji ce ta zaunar da su a nan, rana da hayaƙi da gishiri ne firijinsu. Kifin Tafkin Chadi da na kogin Shari a banda yake tafiya Maiduguri, nama kuwa a kilishi, ko kuma a kora shanun da ƙafarsu.

Nama ne ya kawo sanyi garin. A shekarun 1950 ana ɗaukar naman shanu ta jirgin sama zuwa Brazzaville da wasu biranen kudu, aka kuma buɗe babbar mayanka mai ɗakunan sanyi a Farsha a 1958. A wancan zamani injin sanyi kayan gwamnati ne da kamfanonin Turawa, kuma mai gyaransa ɗan albashi ne. Takardar shaida ita ce ƙofar shiga, tunda babu wani wurin aikin sai nasu.

Abin ya sauya bayan yaƙin 1979 zuwa 1980, da mutanen gari suka dawo daga gudun hijira a Kuseri. Da aka buɗe gadar Ngeli a 1985, kaya suka riƙa shigowa daga Maiduguri ta Dikwa, Gamborun Ngala da Fotokol. Tsofaffin firiji na gwanjo suka cika shaguna, mata suka kama sayar da ƙanƙara da zoɓo mai sanyi. Wutar lantarkin da ke zuwa tana ɗaukewa tana ƙona injin firiji, sai masu gyara suka yawaita. Mafi yawansu a hannun maigida suka koya, ba su biya ko dala ba sai da ƙarfinsu da shekarunsu.

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Duk kayan gyaran da ake sayowa da kuɗin Faransa farashinsu ya ninka cikin dare ɗaya, kuma wanda ake binsa bashi da kuɗin waje ya wayi gari da nauyi biyu. Haka kuma da Boko Haram ta kama Gamboru a 2014, da lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, masu gyara sun sha wuyar samun gas da injuna. Mai gyara yana cin abinci ne daga hanyar da mu fatake muke bi, in ta toshe shi ma ya ji a jikinsa.

To me ya dawo da darajar takarda? Abu biyu ne. Na farko, bayan fara fitar da man Doba a 2003, otal-otal, bankuna da ofisoshi sun ƙaru, kuma irin waɗannan wurare kan nemi ganin shaida kafin su ba da kwangilar kula da na'urorinsu. Na biyu, gas ɗin kansa ya canza. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawar da R12 daga ƙasashe masu tasowa a 2010, ana shirin sallamar R22 zuwa 2030, sannan gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya sa ido kan R134a. Sabbin firiji da yawa R600a suke sha, wanda ke kama wuta. Wanda ya koyi aiki da tsohon gas kaɗai, ya hura wutar walda a kan irin wannan bututu, yana wasa da ransa.

Saboda haka wanda zai ci bashi ya zauna da alƙalami. Kuɗin makaranta kashi ɗaya ne kawai. A haɗa da kayan aiki, wato ma'aunin gas, famfon zuƙe iska da tukunyar walda, da kuma abin da yaron zai rasa na ciniki a shekarun karatu. Samun kuɗin ma yana bin yanayi: daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, aiki har ya yi yawa, amma a Disamba da Janairu wayar mai gyara takan yi shiru. Bashin banki kuwa bai san hunturu ba. A auna biyan wata-wata da samun watan sanyi. A kuma ci bashin da kuɗin da za a samu: mai aiki da sefa ya ranci sefa, don mun ga yadda naira ta faɗi tun Yunin 2023.

Kafin a je banki, a tambayi ko takardar makarantar gwamnati ta amince da ita, kamar CAP a nan Chadi ko NABTEB ga masu karatu a Najeriya. A leƙa asusun FONAP mai tallafa wa koyon sana'a, a kuma duba adashe, wanda ba shi da kuɗin ruwa. Yaron da ya yi shekara a shagon maigida kafin a biya masa makaranta, an riga an san ko hannunsa ya karɓi aikin.

Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka, ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu.