Riƙon Maraya da Fitar da Yaro Ƙasar Waje

Rikicin 'yan bindiga ya bar marayu da dama a Anka, Gummi da Bukkuyum, shi ya sa muke bayyana matsayin doka ga masu son ɗaukar yaro, musamman zuwa ƙasar waje.

Shari'ar Musulunci, wadda jiharmu ta ƙaddamar a 1999, ta halatta riƙo amma ta hana mai riƙo jingina yaro ga kansa. Yaro zai ci gaba da amsa sunan mahaifinsa, kuma ba ya gadon mai riƙonsa, sai dai a yi masa wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta sharɗanta cewa mai neman ɗaukar yaro ya zama ɗan Nijeriya, kuma sai da umarnin kotu.

A 2007 an kama wasu Faransawa a Abeche ta ƙasar Chadi suna shirin fitar da yara 103 da sunan marayu, alhali galibinsu suna da iyaye. Don haka muna kira ga dagatai da masu unguwanni kada su bari a tafi da yaro babu takardar kotu. A kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar NAPTIP.