Tsakanin Nono da Tuwo: Tarihin Yaye Daga Ƙofar Dundaye

A gidajen da ke kewayen Ƙofar Dundaye, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Sakkwato, da wuya a sami uwar da ta manta ranar da aka yaye ɗanta. Rana ce mai tsari: a karɓo rubutun yaye wurin malam, a shafa wa mama wani abu mai ɗaci, a goya yaro zuwa gidan kakarsa ya yi kwanaki har ya haƙura. Amma idan aka tambayi uwar ranar da ta fara ɗura masa koko, sai ta yi dogon tunani. Wannan ranar ba ta da suna, ba ta da sadaka, ba wanda ake gayyata. Tarihin shekaru ɗari da suka wuce kuwa ya nuna cewa makomar yaro ta fi rataya ga ranar da ba ta da suna.

Shekara biyu

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa Sakkwato a 1809, aka faɗaɗa ganuwarta lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Sifawa a 1815. Ƙofar Dundaye ta ɗauki sunanta daga garin Dundaye, tsallaken gulbin Rima, inda mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake a yau. Birni ne na malamai, don haka maganar shayarwa ma tana da babinta a littafi. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ajiye wa'adin cikakkiyar shayarwa a shekara biyu. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ilmi, ta nuna cewa nonon da yaro ya sha a cikin wannan wa'adi yana ƙulla 'yan'uwantakar da ke haramta aure. Saboda haka ƙidayar watannin goyo aiki ne na shari'a, ba na mata kaɗai ba.

Al'ada ta kewaye wannan wa'adi da shinge. Maijego takan koma gidan iyayenta, musamman a haihuwar fari, ta yi wankan jego kwana arba'in, tana shan kunun kanwa don nono ya kawo. Macen da ta yi ciki alhali tana goyo, a ce ta yi kwanika ko rurrutsa, abin kunya ne da tsegumi, domin an yi imanin nonon mai ciki yana lalata yaro. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta ba da labarin wannan dogon goyo, da yadda dangi kan karɓi yaro riƙo bayan yaye. Tsarin ya ba uwa hutu, ya ba yaro kusan shekara biyu yana samun abinci mai tsafta wanda ba a saye da kuɗi.

Inda shingen ya bar ɓaraka shi ne farkon tafiya. A gidaje da yawa akan tatse dakashi, wato nonon farko mai kauri, a zubar, ana ganin ba shi da kyau, alhali shi ne ke ɗauke da garkuwar farko ta jariri. Ana ba jinjiri ruwa da jiƙo tun makon suna. Idan ya fara zama, sai a haɗa shi da koko: gero ne aka jiƙa, aka niƙa, aka tace, aka zubar da dusa, aka dama ƙullun da ruwa mai yawa don ya bi maƙogwaro. Tsamin koko yana rage ƙwayoyin cuta, wannan hikima ce ta gaske. Sai dai cikin ɗan wata bakwai bai wuce ɗaukar ƙaramin kofi guda ba a zama ɗaya. Idan mafi yawan abin da ke kofin ruwa ne, yaro zai ƙoshi, ya yi barci, jikinsa kuma yana jin yunwa. Ga kuma camfin da ke cewa ƙwai yana koya wa yaro sata.

Cutar da ta samo suna a Ankara

Wadda ta fara bayyana wa likitocin duniya wannan ɓaraka ita ce Cicely Williams, likitar yara 'yar asalin Jamaika da ta yi aiki a Ankara, babban birnin Gana ta yau. A 1933 ta rubuta bayanin wasu yara da ake kawo mata da kumburin ƙafa, gashi ya yi ja, fata tana saɓulewa, kuma kusan dukkansu kunun masara ne abincinsu. A 1935 ta kira cutar da sunan da mutanen Ga ke kiranta, kwashoko, wato ciwon da ke kama yaro idan ƙaninsa ya ture shi daga nono. Bahaushiya ba za ta yi mamakin wannan fassara ba, abin da take tsoro ke nan idan ta ambaci kwanika. Bambancin shi ne inda aka ɗora laifi. Al'ada ta zargi nonon mai ciki, Williams kuwa ta nuna kwanon da aka miƙa wa yaro bayan an raba shi da nonon.

Daga baya wata barazanar ta ɓullo daga kanti. Tun a 1939 Williams ta yi lacca a Singafo tana sukar masu tallar madarar gwangwani ga matan talakawa. Inda ruwa ba shi da tsafta, kuɗi kuma ba ya isa, uwa takan tsinka madarar don gwangwani ya daɗe, bulumboti ya zama matattarar gudawa. Rahoton da ƙungiyar War on Want ta fitar a Ingila a 1974, da ƙaurace wa kayan kamfanin Nestlé da aka fara a Amurka a 1977, su suka kai ga ƙa'idar tallar madarar jarirai da Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 1981. Ƙasashe 118 suka goyi baya, Amurka kaɗai ta ƙi. Nijeriya ta kafa tata dokar a 1990. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar da ake bi har yau: nono zalla wata shida, ko ruwa ban da, sannan ƙarin abinci tare da nono har shekara biyu ko fiye. Ƙarshen wa'adin ya dace da abin da malaman Sakkwato suka daɗe suna karantarwa. Farkonsa ne sabo.

Shaidar da ke cikin birni

Sakkwato ba ta buƙatar zuwa Ankara neman hujja. Tun 1999 akwai asibiti na musamman a birnin don cutar da likitoci ke kira noma, kalmar Girkanci mai nufin cinyewa, wadda a ƙauyuka wasu ke ce wa ciwon iska. Tana farawa da gyambo a dasashi, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe. Ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida, wato waɗanda ba su daɗe da barin nono ba, musamman idan tamowa ko ƙyanda ta riga ta raunana su. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa wa asibitin tun 2014. Binciken da ma'aikatanta suka yi a yankin, aka wallafa a 2018, ya gano cewa shan koko kullum ya fi yawa a tsakanin yaran da cutar ta kama. Wannan bai nuna koko ne ke haddasa ta ba. Abin da ya nuna shi ne halin gidan da ba a da abin ba yaro sai koko. A Disambar 2023, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Noma ƙarshen lamari ce, kuma ba kowane yaro take kamawa ba. Abin da ya fi yaɗuwa shi ne tsumburewa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya sami kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. A Jihar Sakkwato sun haura rabi. Mafi yawan wannan asara tana faruwa ne kafin yaro ya cika shekara biyu, kuma da wuya a rama ta daga baya, a jiki ko a ƙwaƙwalwa.

Maganin da asibitoci suka dogara da shi a yau ya zo da abin mamaki. A 1996 wasu Faransawa biyu, André Briend da Michel Lescanne, suka haɗa wani abinci mai suna Plumpy'Nut wanda ba ya buƙatar dafuwa ko ruwa. A yunwar 2005 an yi amfani da shi wajen jinyar dubban yara a Maraɗi, akasarinsu a gidajen iyayensu. Ginshiƙinsa niƙaƙƙiyar gyaɗa ce, da garin madara, da mai, da sukari, da sinadaran ƙarin lafiya. Gyaɗar da ƙasar Hausa ta yi shekaru tana tara dalarta don fitarwa Turai, ita ce ta dawo cikin leda a matsayin magani.

Abin da ya rage ga gida

Darasin da ke cikin wannan tarihi bai fi ƙarfin tukunyar gida ba. Daga wata shida nono kaɗai ba ya wadatar da yaro da kuzari da sinadarin ƙarfe. Shawarar masana ita ce a ba shi abinci sau biyu zuwa uku a yini har wata takwas, sau uku zuwa huɗu daga wata tara, kuma kunun ya yi kaurin da zai zauna a cokali ba tare da ya tsiyaye ba. Ma'aikatan lafiya a Arewa suna koya wa mata haɗa garin gero da waken suya da gyaɗa, a soya a niƙa tare. Ana iya ƙara ɗan mai, ko garin zogale, ko kifi, ko ƙwan nan da camfi ya hana. Babu ko ɗaya cikinsu da ba a sayarwa a kasuwar Sakkwato, ko da yake tsadar abinci ta sa ba kowane maigida ke iya kawo su kullum ba.

Kakannin Ƙofar Dundaye sun gaji tsarin da ya san ranar da za a cire yaro daga nono, ya tanadi malami da rubutu da wadda za ta rarrashe shi. Har yanzu ana bin sa, kuma yana da amfani. Wata goma sha takwas da ke gaban wannan rana su ne aka bar wa uwa ita kaɗai da ludayinta. Shirin yaye na gaskiya yana farawa ne tun yaro yana wata biyar, ranar da uba da uwa da kaka suka zauna suka yanke abin da za a zuba a kwanonsa, da wanda zai sayo shi.